Yadda likitocin tiyata suka gano cewa hannayensu ne ke kashe majinyata

Kafin shekarar 1846, da agogo ake auna ƙwarewar likitan tiyata. Majinyaci idonsa biyu ake kwantar da shi, ƙarti su danne masa hannu da ƙafa, likita kuma ya yi maza ya gama abin da ya kawo shi kafin azaba ta ɗauke ran mutumin. Robert Liston, wanda ya yi aiki a wani asibitin jami'a a Landan, ya yi suna ne saboda yana iya raba mutum da ƙafarsa a ƙasa da minti guda. Fanny Burney, marubuciyar nan 'yar Ingila da aka cire wa mama a Paris a 1811 ba tare da wani maganin kashe zafi ba, sai da ta yi watanni kafin ta iya rubuta wa yayarta labarin abin da ta gani a ranar.

Duk da haka, ba rashin iya riƙe wuƙa ne ya daɗe yana dabaibaye tiyata ba. Gwanaye sun sha zuwa. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a ƙasar Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta kundin At-Tasrif mai kashi 30, kashi na ƙarshe kuwa kacokan kan tiyata yake, ɗauke da zanen kayan aiki kimanin 200. Ya yi bayanin ɗinke rauni da zaren da aka murza daga hanjin dabba, wanda jiki ke narkarwa da kansa. An fassara wannan kashi zuwa Latin a birnin Toledo a ƙarni na 12, likitocin Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi. A 1537 kuma Ambroise Paré, likitan rundunar Faransa, ya wayi gari tafasasshen man da ake zuba wa raunin harsashi ya ƙare masa a fagen daga. Dole ta sa ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man wardi da wani man itace ya shafa wa sauran sojojin. Washegari ya tarar waɗanda aka ƙona da mai suna fama da zazzaɓi da kumburi, waɗanda ya shafa wa haɗin nasa kuwa sun kwana lafiya. Shi ne kuma ya farfaɗo da ɗaure jijiyar jini da zare maimakon lalas da ƙarfe mai zafi.

Paré ɗin nan a hannun wanzamai ya koyi sana'a, domin a Turai ta wancan lokaci mai aski shi ke yin tsaga da ƙaho da cire haƙori, kamar dai yadda aka san wanzami a ƙasar Hausa. A Landan wanzamai da masu tiyata ƙungiya ɗaya suke tun daga 1540, ba su raba gari ba sai 1745. Likitocin da suka yi karatun jami'a kallon mai sana'ar hannu suke yi wa mai tiyata. Har yau a Birtaniya idan likita ya ƙware a tiyata yakan ajiye laƙabin dakta ya koma amsa mista, ƙasƙancin jiya ya zama abin tinƙaho.

Barci ya samu, mutuwa ta ƙaru

Ranar 16 ga Oktoba, 1846, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci tururin sinadarin eta. Mutumin ya yi barci, likita John Collins Warren ya cire masa ƙari a wuya, ya farka ya ce bai ji zafin yanka ba. Kafin shekarar ta ƙare labari ya haye teku, Liston da kansa ya gwada a Landan. A 1847 James Young Simpson na Edinburgh ya fara amfani da kulorofom, a 1853 kuma Sarauniya Victoria ta shaƙe shi a lokacin naƙudar ɗanta na takwas.

Sai dai an gudu ne ba a tsira ba. Da zafi ya kau, likitoci suka samu ƙwarin guiwar yin aiki da yawa, su daɗe a cikin rauni, su kai hannu inda da ba sa kaiwa. Da wannan hannun ne kuma suka gama taɓa gyambon wani majinyacin. Rigar aikin likita takan sandare da busasshen jini, ana ma ɗaukar hakan shaidar daɗewa a aiki. Soso ɗaya ake goge raunin mutum goma da shi. Mugunya kuwa, idan ta fito fara mai kauri, murna ake yi, a ce rauni ya kama hanyar warkewa. Simpson ya tattara bayanan mutum sama da 2,000 da aka yanke wa gaɓa a manyan asibitoci, da wasu sama da 2,000 da aka yi wa a gidajensu a karkara. A asibiti kusan 41 cikin 100 suka mutu, a karkara kuwa kusan 11 cikin 100. Shi ne ya kwatanta cewa wanda aka kwantar a teburin tiyata ya fi sojan Ingila a yaƙin Waterloo kusanci da kabari.

Bayanin da masana suka yarda da shi a lokacin shi ne gurɓatacciyar iska, wato wari da tururin da ke tashi daga kwata da ruɓaɓɓun abubuwa. Don haka magani shi ne a buɗe tagogi, ko a rushe tsohon asibiti a gina sabo.

Ɗakunan haihuwa biyu a Vienna

A birnin Vienna na ƙasar Ostiriya aka fara kama bakin zaren, kuma a ɗakin haihuwa, ba a ɗakin tiyata ba. A 1846 aka naɗa Ignaz Semmelweis, ɗan ƙasar Hungari mai shekara 28, mataimakin shugaban sashen haihuwa na farko a babban asibitin birnin. Sassan haihuwa biyu ne a asibitin. A na farko likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, a na biyu kuwa ungozomomi da masu koyon ungozomanci. Ba zaɓa ake yi ba, ranar da naƙuda ta kawo mace ita ke yanke sashen da za a kai ta.

Tsakanin 1841 da 1846 an yi haihuwa 20,042 a sashen likitoci, mata 1,989 suka mutu, akasari da zazzaɓin da ke kama mai jego kwanaki kaɗan bayan ta sauka. A sashen ungozomomi an yi haihuwa 17,791, mata 691 suka mutu. Wato kusan mace goma cikin ɗari a hannun masu digiri, kusan huɗu cikin ɗari a hannun ungozomomi. Matan gari sun san da haka tun kafin a lissafa. Sukan durƙusa suna roƙon kada a kai su sashen farko, wasu kuma su yi ta jan ƙafa har su haihu a hanya. Abin da ya fi ɗaure wa Semmelweis kai shi ne waɗanda suka haihu a titi ba su cika kamuwa da zazzaɓin ba.

Ya bi dalilan da ake bayarwa ɗaya bayan ɗaya. Idan iska ce, ai iska ɗaya sassan biyu ke shaƙa. Idan cunkoso ne, sashen ungozomomi ya fi cika, tun da can kowa ke rububin zuwa. An ce tsoro ne ke kashe matan, saboda limamin coci kan ratsa ɗakin ana kaɗa ƙararrawa a gabansa in zai je wurin mai gargarar mutuwa. Semmelweis ya roƙe shi ya sauya hanya ya bar ƙararrawar, mutuwa ba ta ragu ba. Ya lura ungozomomi a gefe suke kwantar da mai naƙuda, likitoci kuma rigingine, ya sa aka koma irin ta ungozomomi. Nan ma shiru.

A watan Maris na 1847 abokinsa Jakob Kolletschka, farfesan binciken gawa, ya rasu bayan wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa suna tsaka da feɗe gawa. Da Semmelweis ya karanta rahoton abin da aka gani a jikin mamacin, sai ya ga irin ɓarnar da yake gani kullum a gawar masu jego. Namiji ne, bai haihu ba, amma ciwon masu jego ya kashe shi. Daga nan lissafi ya fito. Likitoci da ɗalibai da safe ɗakin gawa suke fara zuwa su yi fiɗa, daga can su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda. Ungozomomi ba sa taɓa gawa.

Bai san da ƙwayoyin cuta ba, abin da ya kira shi ne ɓurɓushin gawa da ke maƙalewa a hannu. Hanci ne ya yi masa jagora: sabulu ba ya fitar da warin gawa daga hannu, ruwan kulorin kuwa yana fitarwa. A tsakiyar watan Mayu ya kafa doka cewa duk wanda ya fito daga ɗakin gawa sai ya wanke hannu da wannan ruwa kafin ya taɓa mace. A watan Afrilu mata sama da 18 cikin 100 ne suka mutu a sashen. A Yuni adadin ya faɗo zuwa 2.2, a Yuli 1.2. A 1848 an yi wata biyu cur ba a fitar da gawar mai jego ko ɗaya ba.

Mai karatu zai zaci daga nan magana ta ƙare. Ba a sabunta wa Semmelweis aikinsa ba a 1849, ya tattara ya koma birnin Pest a 1850. A can ma, a asibitin Saint Rochus, ya sauko da mutuwar masu jego ƙasa da ɗaya cikin ɗari, amma manyan likitocin haihuwa na Turai suka yi kunnen uwar shegu da shi.

Suna da hujjojinsu, kuma ba dukkansu ne na banza ba. Semmelweis ya kafe cewa sanadi ɗaya ne tak ke kawo ciwon, bai kuma iya nuna abin da ido zai gani ba. Ya yi nawar rubutu, littafinsa bai fito ba sai 1861, ga tsawo ga maimaici. Amma ƙashin bayan ƙin yardar a fili yake: karɓar maganarsa na nufin likita ya amsa cewa shi ne ya yi ajalin matan da suka ba shi amanar ransu. Wanzami ba ya son jarfa. A Amurka, inda Oliver Wendell Holmes ya faɗi makamancin haka tun 1843, fitaccen likitan haihuwa Charles Meigs ya ɗauki batun a matsayin cin mutuncin masu sana'a. Wanda ya yarda kuma nauyin ya yi masa yawa: Gustav Michaelis na birnin Kiel a Jamus ya gwada wanke hannu ya ga amfaninsa, ya tuna wata 'yar'uwarsa da ta mutu bayan ya duba ta tana jego, ya kashe kansa a 1848. Semmelweis ma bai ware kansa ba, ya rubuta cewa yana cikin waɗanda suka fi kowa taɓa gawa a asibitin.

Da shekaru suka ja, haƙurinsa ya ƙare. Ya shiga rubuta buɗaɗɗun wasiƙu yana kiran manyan farfesoshi masu kisan kai, abin da ya ƙara toshe kunnen da yake so ya buɗe. A ƙarshen Yulin 1865 aka kai shi gidan masu taɓin hankali a Vienna. Ya rasu ranar 13 ga Agusta yana da shekara 47, sakamakon rauni a hannu da ya ruɓe ya shiga jini.

Yaron Glasgow

Kwana ɗaya kafin wannan rasuwa, ranar 12 ga Agusta, 1865, aka kawo wani yaro ɗan shekara 11 mai suna James Greenlees babban asibitin Glasgow. Ƙafar amalanke ta bi ta kan ƙaurinsa, ƙashi ya karye ya huda fata. A wancan zamani irin wannan karaya hukuncinta yanke ƙafa ne, in ba haka ba ruɓa ta kashe mutum.

Likitan da ya karɓe shi, Joseph Lister, ya daɗe yana juya wata tambaya da kowane maɗori zai gane. Karayar da fata ba ta fashe ba takan ɗoru lafiya komai muninta, wadda ƙashi ya leƙo waje kuwa sai ta yi mugunya. Ke nan daga waje wani abu ke shiga. Lister ya tashi a gidan da ake duba ƙananan abubuwa, domin mahaifinsa na cikin waɗanda suka inganta madubin nan mai ƙara girman abin da ido ba ya gani. Wani abokin aikinsa, farfesan kimiyyar sinadarai Thomas Anderson, ya nuna masa rubuce-rubucen Louis Pasteur na Faransa, wanda ya tabbatar cewa wasu ƙananan halittu masu rai ne ke sa abu ya yi tsami ko ya ruɓe. Ana iya kawar da su da zafi, ko da tacewa, ko da sinadari. Ba a tafasa raunin mutum, ba a kuma tace shi. Saura sinadari. Lister ya ji labarin cewa a garin Carlisle ana zuba kabolik a ruwan kwata don kashe wari, sai ya nemo shi.

Ya jiƙa ƙyalle da kabolik ya rufe raunin yaron, ya ɗaure ƙafar da katako. Bayan kwana huɗu ya buɗe, babu mugunya, babu wari, sai ɗan ƙunar da sinadarin ya yi wa fata. Bayan mako shida yaron ya fita asibiti da ƙafafunsa biyu. A 1867 Lister ya wallafa a mujallar Lancet labarin mutum 11 masu irin wannan karaya: tara sun warke da gaɓoɓinsu, an yanke wa ɗaya, ɗaya ya rasu saboda zubar jini. Daga baya ya kwatanta yanke gaɓar da ya yi kafin kabolik da bayansa. A da, 16 cikin 35 suka mutu. Bayan ya shigo da sabuwar hanyar, 6 cikin 40.

Shi ma bai sha da daɗi ba. Wani farfesa a Edinburgh, John Hughes Bennett, ya riƙa ƙalubalantar a nuna masa waɗannan halittu in da gaske akwai su. Wasu suka gwada hanyar rabi da rabi, ta ƙi, suka ce ƙarya ce. Bambancinsa da Semmelweis shi ne yana da bayanin Pasteur a bayansa, yana rubutu a kai a kai, yana da sanyin hali, kuma ƙofarsa a buɗe take ga duk mai son ya zo ya gani. Jamusawa ne suka fara rungumarsa, musamman bayan yaƙinsu da Faransa na 1870 ya cika asibitoci da ruɓaɓɓun raunuka. Richard von Volkmann a Halle da Johann von Nussbaum a Munich sun ga ruɓar da ta addabi ɗakunansu ta kusan ɓacewa. Ba duk abin da Lister ya kawo ne ya ɗore ba. Na'urar da ke fesa kabolik a iskar ɗakin tiyata, wadda ke sa likitoci tari tana tsattsage musu hannu, shi da kansa ya yi watsi da ita a 1890, ya yarda cewa hannu da kayan aiki ne masu laifi fiye da iska.

Amurka ta biya farashin jinkiri da ran shugabanta. Lister ya je Philadelphia a 1876 ya yi bayani, da yawa suka saurara suka watsar. Ranar 2 ga Yuli, 1881, aka harbi Shugaba James Garfield a tashar jirgin ƙasa a Washington. Likitoci suka yi ta zura yatsu da ƙarafa marasa wanki a raunin suna laluben harsashi. Ya yi jinyar mako 11 jikinsa na tara mugunya, ya rasu ranar 19 ga Satumba. Maharbin ya ce a kotu shi harbi kawai ya yi, likitoci ne suka yi kisan. Hakan bai hana a rataye shi ba, amma masana tarihin likitanci da dama na ganin akwai ƙamshin gaskiya a zancen.

Daga nan tunani ya sauya daga kashe ƙwayoyin cuta a cikin rauni zuwa hana su isa wurin tun farko. A Berlin, Ernst von Bergmann da almajiransa suka shiga turara kayan aiki da tufafi da tururi mai tsananin zafi. Safar hannu ta roba kuwa soyayya ce ta kawo ta. A asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, sinadaran wanke hannu sun ɓata fatar Caroline Hampton, shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin tiyata, sai likita William Halsted ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata siraran safar roba. Ya aure ta a 1890. Sai daga baya aka lura safar ta fi kare majinyaci fiye da mai sanye da ita.

A tsakiyar wannan taƙaddama ta Turai, wani matashi ɗan Birtaniya mai karatun likita, Robert Felkin, ya shaida wani abu a masarautar Bunyoro da ke Yuganda ta yau a 1879. Ya ga wani mai magani na gargajiya ya yi wa wata mata fiɗa ya ciro jariri. An ba ta giyar ayaba ta sha don ta gusar mata da hankali, mai aikin ya wanke hannunsa da cikinta da giyar sannan da ruwa, aka tsayar da jini da jan ƙarfe, aka haɗe fatar da allurai na ƙarfe. Da Felkin zai bar garin bayan kwana 11, uwa da jaririnta suna raye lafiya. Ya wallafa labarin a Edinburgh a 1884. Yadda ayarin ya yi aikin babu inda-inda ya sa ya fahimci ba ranar suka fara ba, a daidai lokacin da fiɗar haihuwa a manyan asibitocin Turai ke kashe mafi yawan matan da aka yi wa.

Inda aka kwana

Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin jini sun zo daga baya sun ƙara faɗaɗa abin da tiyata ke iya yi, amma abokin gabar da Semmelweis da Lister suka yi fama da shi bai mutu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2016 kimanin majinyata 11 cikin 100 da ake yi wa tiyata a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita na kamuwa da cuta a raunin aikin, a Afirka kuma adadin kan kai mace ɗaya cikin biyar a waɗanda aka yi wa fiɗar haihuwa.

A 2018 mujallar Lancet, wadda ta buga rahoton Lister shekara 151 kafin nan, ta wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, ciki har da Najeriya, kan majinyata sama da 11,000. Duk da cewa majinyatan sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtuka, haɗarin mutuwarsu bayan tiyatar da aka tsara tun da wuri ya ninka matsakaicin na duniya. Kamuwa da ƙwayoyin cuta ce matsalar da ta fi yawa, ta shafi kusan mutum ɗaya cikin goma. Daga cikin mutum 239 da suka rasu, 225 ba a ranar aikin suka cika ba. Sun fito daga ɗakin tiyata da ransu, a gadon jinya suka mutu cikin kwanakin da suka biyo baya.